Rasuwar Dattijo, Keken Ɗinkin da Ƙaton Zare Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin ciki zafi wanda nake roƙon Allah Ya yayyafa masa ruwa, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa sa rigar da aka ɗinka a gidan nan, rasuwar keken ɗinkinmu, wanda muka fi sani da Dattijo. Ya rasu ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa, a gindin taga, bayan shekara hamsin da uku yana yi mana hidima. Bai yi jinya ba. Da safe na shafa kansa na fita, da azahar na dawo na tarar da gawa.

Na rubuta wannan sanarwa da manyan haruffa, na manna ta a ƙofar ɗakin ɗinki, na kuma sa an ɗauki hotonta an aika wa dangi, domin kada wani ya ce bai gani ba. Na san ƙarfe ba shi da rai, kuma ba zan ari kalmomin da aka tanada domin mamatan 'yan Adam in yafa wa tebur ba. Na shekara talatin da biyar ina koyarwa, na san iyakar kowace kalma. Amma rashi rashi ne, kuma wanda aka yi wa yana da ikon ya faɗa.

Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, ita ta kawo Dattijo gida ina da shekara bakwai. Baƙi ne wuluk, da zanen furanni ruwan zinariya a wuyansa, sai dai furannin gefen dama sun goge a daidai inda tsintsiyar hannunta take hutawa. Da ƙafa ake taka shi. Yana da ɗamarar fata, da tebur mai aljihu uku, na tsakiyar ba ya buɗuwa sai an ɗan ɗaga shi. A shekarar da ya zo ta kafa dokar da ba a taɓa karyawa ba: duk jaririn da aka haifa a zuriyarta, rigarsa ta farko daga hannun Dattijo za ta fito. Ni kaɗai ce ban sami wannan rabo ba, domin na riga shi zuwa. Ƙannena sun samu, 'ya'yansu sun samu, nawa sun samu. Da ta rasu na karɓi kujerarta da dokarta. Jarirai arba'in da ɗaya Dattijo ya suturta. Na arba'in da biyu ana sa ran isowarsa nan da mako uku, da yardar Allah, kuma shi ne jikana na fari, 'yata ce ke ɗauke da cikinsa. Na yanka rigarsa ranar Litinin, farin yadi mai laushi, hannuwanta ba su kai tafin hannuna ba. Tana nan a ninke a aljihun hagu, ko ɗinki ɗaya ba a yi mata ba.

Halayen marigayi sanannu ne, amma zan ambace su domin masu rai su ɗauki darasi. Bai taɓa neman wutar lantarki ba. Cimarsa ɗigon mai biyar ne a wata, kuma bai taɓa cewa ya yi kaɗan ba. Ya ga rigunan da aka buɗe wa ciki tun kafin a sanar da juna biyu, ya ga waɗanda aka rage bayan doguwar jinya, bai kai labarin kowa waje ba. Ya san iyakarsa: in an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa sai ya tsinke zare ya tsaya, kamar dattijon da ya ce a sake shawara. Abin da ya fi duka, a shekara hamsin da uku bai taɓa shiga aikin da ba a sa shi ba. Ina roƙon a sake karanta wannan jumla ta ƙarshe. Akwai wanda na rubuta ta dominsa.

Muryarsa kuwa, wanda ya tashi a gidan nan ba zai manta ta ba. In yana kan miƙaƙƙen ɗinki, taka-taka-taka-taka yake yi, ba sauri ba nawa. In ya iso kwana sai ya rage, tak, tak, tak, yana jiran a juya yadi. In yana naɗe zare a bobin, wato ɗan ƙaramin kwarkwaron da ke zama a ƙasa, sai ya yi wani siririn zirrr da ke sa jarirai barci. Mahaifiyata daga madafa take gane cewa allura ta dakushe, da kunne kawai.

Yanzu zan zo ga sanadin ajali. Zan yi bayanin a hankali kamar yadda nake yi wa 'yan aji uku, domin na lura manyan takardun shaida ba sa hana mutum bukatar irin wannan bayani.

Zaren keken gida a ɗan kwarkwaro yake zuwa, wanda bai fi babban yatsa ba. Ana zura shi a wani siririn tsinke da ke tsaye a bayan keken, keke na ja, kwarkwaro na juyawa, zare na warwarowa. Akwai kuma zaren masana'anta, ƙato, mai siffar mazurari a kife, wanda nauyinsa ya kai na ƙaramin tulu. Shi wannan ba a yi shi domin ya juya ba. Zama yake yi daram a ƙasa, a ja zarensa sama tsaye, ya riƙa zamewa ta kansa. Mahaifiyata ba ta shiga aji ko na kwana ɗaya ba, amma ta san haka. A duk lokacin da ta karɓi ɗinkin labule mai yawa, takan saka ƙaton zaren a cikin wani tsohon kofin tasa mai ɓallen baki, ta ajiye a bayan keke, ta ɗaga zaren ta rataya a wata lanƙwasasshiyar ƙusa da ta buga a katakon taga, daga nan ya gangaro wa Dattijo a sake, kamar ana miƙa masa da hannu biyu. Ni ɗinkina na yara ne, launi iri-iri, ban bukaci ƙaton zare ba. Amma kofin yana inda ta bar shi, ƙusar ma haka. Sau uku ana fentin ɗakin, sau uku ina tsayawa a kan mai fenti har ya kewaye ta.

Wanda ya aikata abin da ya aikata mijin 'yata ne, wanda kowa ke kira Injiniya. Surukuta ta ɗaure mini baki. Shekara biyu ke nan tsakanina da shi daga ina kwana sai sai da safe, yana durƙushe yana kallon tabarma, ina kallon bango. Ba zan iya ɗaga murya a gabansa ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin takarda ba ta da suruki.

Ranar Talatar ya kawo matarsa ta wuni, ya tarar ba na nan. Ya shigo da leda a hannu. Ɗakin ɗinki a kulle yake, amma ba a mugun sarki sai mugun bafade: maigidana, wanda shekara talatin da takwas bai taɓa sanin inda nake ajiye almakashi ba, ranar ya san inda makulli yake. Da na tambaye shi dalili, cewa ya yi, “Haba Malama, injiniya ne fa. Injin da ya fi ɗakin nan girma yake kwancewa ya mayar.” Na ce masa mahauci ma ya saba da manyan dabbobi, amma ba a kai masa jariri kaciya. Ya buɗe rediyo.

Ga abin da bincikena ya tabbatar. Injiniya ya ga ƙusa a taga, ya yanke hukunci cewa za ta yagi wani, ya ɗauko filaya daga mota ya zare ta. Ya ga kofi, ya ɗauka shara ce, ya tura shi ƙarƙashin tebur da ƙafa. Sannan ya ɗora ƙaton zaren a kan siririn tsinken nan. Da ya ga ramin zaren ya yi wa tsinken yawa yana rawa, sai ilimi ya motsa: ya yanko guntun robar tiyo ya cusa, ya matse shi tsam, har ya tabbatar ko iska ba za ta juya shi ba. Zaren da ya sayo kuma ba na auduga ba ne. Na roba ne, irin wanda ake ɗinke buhu da shi. Zaren auduga yana da kunya, in an matsa masa yakan tsinke ya ceci keke. Wannan ba ya tsinkewa. Daga nan ya samo ƙyallen tsohon wando mai kauri, ya zauna a kujerar mahaifiyata, ya ce zai gwada.

'Yata tana kwance a falo ta ɗora kumburarrun ƙafafunta a kan matashi, ita ta ji kalaman marigayi na ƙarshe. Ta ce da farko ya yi taka, taka, da nauyi, kamar mai hawan tudu. Sai ya koma gurrr, gurrr. Wannan roƙo ne. Duk wanda ya taɓa zama kusa da keke ya san cewa yana nufin a ɗaga ƙafa. Amma mutumin da ya saba da injunan da ba sa jin magana sai an nuna musu ƙarfi, da ya ji turjiya sai ya ƙara takawa. Zare ya ja allura gefe, allura ta sauka a inda ba huruminta ba, ta daki ƙoshiya, wato ƙarfen da ke ƙasa mai kamo zare. Aka ji ƙas! Ya sake takawa. Aka ji ƙararas! Daga nan Dattijo bai sake cewa komai ba.

Na aika aka kira mai gyara, tsohon da yake duba Dattijo tun zamanin mahaifiyata. Bai fara da keken ba. Taga ya fara kallo. Ya ce, “Ina ƙusar Hajiya?” Ya kwantar da kan keken, ya leƙa, ya daɗe yana leƙe, sannan ya cire tabarau ya goge. Ya ce, “Malama, sandar allura ta lanƙwashe, mazaunin ƙoshiya ya tsage gida biyu, tsinken zare ya karye ya tafi da naman ƙarfe. Wa ya yi wannan? Jaki aka ɗaura masa?” Maigidana ya ce, “Injiniya ne.” Tsohon ya ce, “To, ai gara jakin, shi yakan gaji.” Kwana uku ya yi yana zagaya rumfunan da ake tara matattun kekuna, bai sami irin wannan ƙarfe ba. An daina ƙera shi tun kafin a haifi wanda ya fasa shi. Ranar Juma'a ya dawo ya ce in yi haƙuri. Na yi godiya ga Allah a kan kowane hali, amma haƙurin bai iso ba tukuna.

Ya zama dole in ambaci cewa wanda ake tuhuma ya aiko da saƙo ta bakin matarsa. Ya ce zai kawo sabon keke na lantarki, mai ɗinki iri arba'in, mai fitila, mai zura wa kansa zare a allura. Na ce ta gaya masa ba a ta'aziyyar uba da tayin sabon uba. Rigar jariri ɗinki iri ɗaya take bukata, kuma wanda ya iya shi yana kwance a gindin taga.

A nan ne 'yata ta faɗi maganar da ta sa na yi kwana biyu ban ɗauki alƙalami ba. Ta ce, “Umma, wallahi ba karambani ba ne. Gani ya yi.” Na ce me ya gani. Ta sunkuyar da kai ta ce, watan jiya da ya zo gaishe ni ya tsaya a bakin ƙofa yana jira in ɗago, sai ya ga ina neman kafar allura da zare. Ya ƙirga sau goma sha huɗu ina kuskurewa. Ya koma da baya a hankali, ya sake yin sallama daga tsakar gida kamar yanzu ya shigo. Tun ranar yake tunanin yadda za a yi in daina sauya ɗan kwarkwaro kullum, har ya faɗa a kan zaren da zai shekara bai ƙare ba. Ta ce, “Ya so ki dawo ki tarar an zura miki, ba tare da kowa ya ce komai ba.” Na ce me ya hana shi tambaya. Ta ce, “Umma, ta yaya zai tambaye ki? Ke ma da wane baki kike masa magana?”

Tunda abin ya kai nan, tsoron Allah ya hana ni ɓoye sauran. Ranar Talatar na ce wa mutanen gida zan je asibiti, na bar su suka ɗauka dubiya ce. Likitan ido na je gani. Ya ce yanar ido ce ta rufe na dama, ta fara taɓa na hagu, kuma ba za a yi aikin ba sai bayan wata biyu. Shekara guda ina ɓoye wannan. Maigidana da muke kwana ɗaki ɗaya bai lura ba. 'Ya'yan da na haifa ba su lura ba. Dattijo ya sani, ya rufa mini asiri, domin da zarar an zura masa zare hannuna da ƙafata sun san sauran hanya ko a rufe nake da ido. Manyan haruffan wannan takarda ma ba domin ku na yi su ba.

Kada wani ya ɗauka wannan ya wanke Injiniya. A wurina ya ƙara masa laifi ne. Ya kashe keken mahaifiyata, wannan ɗaya. Ya zare ƙusarta, biyu. Na uku, wanda ya fi yi mini ciwo, duk gidan nan an rasa mai idon da zai ga halin da nake ciki sai mutumin da bai taɓa ɗaga kai ya dubi fuskata ba. Kyakkyawar niyya tana da lada a wurin Allah, ban musa ba. Amma niyya ba ta ɗinke tsagaggen ƙarfe, kuma matambayi ba ya ɓata. Tambaya ɗaya, ko ta bakin matarsa, da yau ina sauraron taka-taka maimakon rubuta wannan.

Marigayi ya rasu ya bar almakashi babba da ƙarami, da tef ɗin awo wanda lambobinsa na farko suka goge, da gwangwanin maɓallai, da kwalbar mai da ba ta kai rabi ba. Ya bar kofi mai ɓallen baki, wanda aka zaro daga ƙarƙashin tebur da sabon rauni. Ya bar rami a katakon taga. Ya bar bobin goma sha ɗaya da ya naɗe da kansa, uku daga ciki farin zare ne. Ya bar ni. Ƙaton zaren kuwa yana nan lafiya lau, ko ƙwarzane bai yi ba, kamar yadda aka saba gani ga azzalumai a wannan duniya.

Masu zuwa ta'aziyya su kiyaye abu uku. Kada a ce mini ai ƙarfe ne. Kada a ce mini dama ya tsufa, domin ni ma na tsufa. Kada kuma a kawo mini rigar jarirai ta kanti a leda da sunan taimako, zan mayar da ita da hannun da ya kawo ta.

Za a yi wa marigayi sutura ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a ɗakinsa. Mai gyara zai wanke shi da kananzir, ya shafe shi da sauran mansa, a kwantar da kansa a cikin teburinsa, a rufe shi da mayafin da mahaifiyata ta ɗinka masa. Ba za a fitar da shi daga gindin taga ba. Duk mai sayen tsohon ƙarfe da ya tsaya a ƙofar gidan nan, maigidana ne zai fita ya sallame shi, kuma wannan ne aikinsa daga yau, tunda ya nuna yana da ƙwazon buɗe ƙofa. Ƙaton zaren ba za a jefar ba, domin almubazzaranci haramun ne. Za a ba shi ɗaurin shara har ya ƙare, ko da zai kai shekara ashirin.

Bayan an rufe marigayi, Injiniya zai mayar da ƙusar raminta, da lanƙwasarta yadda take. Na san tana aljihun motarsa, 'yata ta gaya mini bai iya jefar da ita ba.

Sauran batun riga. Doka ba za ta karye a hannuna ba. Zan ɗinka ta da hannu, a kan teburin Dattijo, da farin zaren da ya naɗe da kansa kafin rasuwarsa, domin jikana ya sa abin da ya ratsa ta jikin marigayi kamar sauran arba'in da ɗaya. Yatsuna sun san ɗinki, ba sa bukatar haske. Sai dai ɗinkin hannu kowane kamu ɗaya sai an sake zura allura, kuma wannan ya fi ƙarfina yanzu. Saboda haka, daga ranar Asabar har rigar ta kammala, Injiniya zai riƙa zuwa kullum bayan la'asar. Zai zauna a kan 'yar kujerar da ke bakin ƙofa, ya zura zare a allura goma sha biyu, ya soke su a jere a jikin matashi, daga dama zuwa hagu, inda hannuna zai same su. Ba zai ba da shawara ba. Ba zai gyara komai ba, ko da ya ga ƙofa na faɗuwa. Wannan hukunci ne, kada a kira shi sulhu. Idan jaririn ya iso ya tarar da rigarsa, a lokacin zan duba batun yafiya, kuma ina roƙon Allah Ya tausasa zuciyata kafin nan, domin a yau ba ta tausasa ba.

A gaya wa Injiniya ya zo da idanunsa kawai. Akwatin kayan aikinsa ya bar shi a mota.

Sanarwa daga Malama, 'yar mai keken, a madadin jarirai arba'in da ɗaya da wanda ke tafe.